Tsohuwar kwamfutar gidanmu da rangwamen ɗalibai

 

Wannan makon zancen daga gidanmu zai fito. Muna da wata tsohuwar kwamfutar cinya baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda Baba ya sayo ’yar gwanjo a Kaduna tun yana aikin soja. Da ya yi ritaya muka dawo Zuru, ita ma ta biyo mu. A kanta na koyi buga rubutu, a kanta na yi atisayen JAMB, yanzu kuma ƙanwata da ke ajin ƙarshe na sakandare ita ta gaje ta. Ranar da na dawo hutu, ko jakata ban ajiye ba ta tare ni: “Yaya, an ce Windows ɗinmu ta mutu tun Oktoba. Da gaske ne? Ni fa da ita zan yi karatun jarrabawa.”

Amsar ita ce e, kuma a’a. Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, duk sauran manhajoji a kanta suke hawa. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 10 a 2015, sannan ranar 14 ga Oktoba, 2025 ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro kyauta, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Kwamfutar ba za ta daina tashi ba, rubutunka ba zai goge ba. Sai dai duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga ranar nan, babu mai zuwa ya toshe maka ita, kuma kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitoci a Ingila, ta ce sai an biya kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun a watan Maris na shekarar, kwamfutocin da ba su karɓi gyaran ba su ne suka faɗa.

To sai na bugi ƙirji. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yayanta ɗan jami’a ne, akwai rangwamen ɗalibai.

Rangwamen nan gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Manyan kamfanonin manhaja suna son ɗalibi ya saba da kayansu tun yana ƙarami, don idan ya fara aiki ya ci gaba da saye. Shi ya sa Microsoft ke bai wa ɗaliban makarantun da suka yi rajista da shi Word da Excel da PowerPoint na kan intanet kyauta. Akwai kuma shirin Azure for Students, na ɗaliban manyan makarantu masu shekara 18 zuwa sama, wanda ta cikinsa ake iya samun lasisin Windows samfurin makarantu ba tare da biyan ko sisi ba. Ku kwatanta da farashin Windows 11 ta gida a shagon kamfanin, dala 139. Ku buga lissafin da canjin dala na yau, za ku ga ta kusa kuɗin wata kwamfutar gwanjon ma.

Makullin duk wannan shi ne adireshin imel na makaranta, irin wanda ke ƙarewa da edu.ng. Da shi kamfanin ke gane cewa kai ɗalibi ne. Ni ina da nawa tun shekarar farko, ban taɓa buɗe shi ba sai da wannan buƙata ta taso, har kalmar sirrin na manta. Abokan karatuna da yawa haka suke, suna biyan kuɗi a sa musu manhajar jabu alhali ta gaske tana jiransu a akwatin da ba su taɓa leƙawa ba. In kuna da yaya ko anti a Jami’ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, ko a Aliero, ko Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ku ce su je sashen kwamfuta na makarantarsu su tambayi imel ɗinsu da abin da ake samu da shi. Kowace makaranta da irin yarjejeniyarta.

Na samu lasisina. Na ƙona datar dare na sauke Windows 11, na zuba a filash, na zauna gaban kwamfutar ina jin kaina injiniya. Sai ta rubuto min a fili cewa wannan na’ura ba za ta iya ɗaukar Windows 11 ba.

Nan ne inda na so ku tsaya da kyau, don shi ne abin da babu wanda ya gaya min. Rangwame farashi yake ragewa, ba ya canza ƙarfen da ke cikin kwamfuta. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: RAM aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato furosesa, in ta Intel ce ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da yawancin ’yan gwanjon da ke gidajenmu. Gane zubin ba wuya. Ka shiga Settings, ka zaɓi System, sannan About, za ka ga an rubuta wani abu kamar i5-3320M. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin. Tamu 3 ce, wato ’yar 2012, lokacin ina firamare. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, ka haye. In lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, ta ma fi sabunta. Akwai kuma ’yar manhaja ta Microsoft mai suna PC Health Check da ke duba maka duk sharuɗɗan a minti ɗaya. Kuma ku ji wannan: in kwamfutarka ta cika sharuɗɗan, kuma Windows 10 ɗin da ke kanta ta gaske ce, hawa zuwa 11 kyauta ne ga kowa, ɗalibi ko manomi. Ba ka buƙatar rangwamen kowa.

Masu gyara suna da dabarar tsallake sharuɗɗan su cusa ta da ƙarfi. Tana shiga kuwa. Amma Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyara ba, sannan an ɗora wa jaki kayan raƙumi, za ka kunna ta ka je ka ci tuwo ka dawo ba ta gama tashi ba.

Tun da na ambaci masu gyara, bari in faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ina aji biyar na sakandare na kai wannan kwamfutar wani shago a ɗaga ta daga Windows 7 zuwa 10. Mai shagon ya ce, “Ɗan makaranta, akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?” Na ce babu, don ni wasannina kawai nake tunawa. Ya goge komai. A ciki akwai lissafin adashin Mama na shekara uku, da hotunan da Baba ya ɗauka a bikin Uhola, waɗanda a cikinsu ne kakarmu ta fito a hoto karo na ƙarshe kafin ta rasu. Baba bai dake ni ba. Cewa kawai ya yi, “Ai da ka tambaye ni.” Da dukan ya yi da ya fi min sauƙi. Sannan Windows ɗin da aka sa min jabu ce, bayan ’yan watanni rubutu ya fito a kusurwar allo yana neman lasisi. Don haka kafin kowa ya taɓa babbar manhajar kwamfutarku, ku kwashe komai zuwa filash ko waya, ku buɗe ku tabbatar ya kwafu, kuma ku zagaya ku tambayi duk mutanen gida.

Yanzu ku ’yan sakandare, me ya rage muku, tunda yawancin makarantunmu ba sa ba da imel? Kar ku sayi “imel ɗin ɗalibi” ko lambar lasisi mai arha daga masu talla a Facebook da WhatsApp. Sau da yawa lamba ɗaya ake sayar wa mutum da yawa, ranar da aka rufe ta ba ka da wanda za ka kama. Aron na yaya ma ba mafita ba ne, don lasisin nasa ne shi kaɗai, kuma wasu daga cikin abubuwan suna yankewa da zarar ya gama makaranta. Wanda na san yana karɓar ’yan sakandare shi ne GitHub Student Developer Pack, daga shekara 13, kuma yana karɓar hoton katin makaranta a madadin imel. Amma kayan koyon rubuta manhaja ne a ciki, ba Windows ba.

Wanda Windows 10 ɗinsa ta gaske ce yana da ɗan jinkiri. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a ajiye saitinsa a can. Za ka ga wurin rajistar a Windows Update. Shekara ɗaya ce tak, amma ta isa mutum ya rubuta jarrabawarsa.

Mu tamu jabu ce, don haka wannan ƙofar ba tamu ba ce. Sai na juya ga Linux. Wani ɗalibin Jami’ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991 yana da shekara 21, kusan sa’ana ke nan, abin da ke sa ni duba kaina in yi shiru. Kyauta ce ga kowa, babu lasisi, babu tambayar katin makaranta. Tana da iri da yawa, ni Linux Mint na zaɓa saboda fuskarta ta yi kama da Windows 7 kuma tana iya tashi da RAM giga 2, ko da yake 4 ya fi daɗi. Tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice wanda ke buɗe takardun Word da Excel. Nauyinta wajen giga 3, ana zuba ta a filash da wata ’yar manhaja mai suna Rufus. Abin da ya fi burge ni, kana iya tayar da kwamfutar daga filash ɗin ka gwada ta yini guda, ka ga ko sauti da Wi-Fi suna aiki, ba tare da ka goge komai ba.

Ba zan yi muku tallar da babu aibi ba. Manhajar atisayen JAMB da ƙanwata ke amfani da ita don Windows aka yi ta, ta ƙi buɗewa a Linux. CorelDRAW ma, ga masu koyon zanen katin biki, ba ta hawa. Kuma tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024, don haka ba zan raba yarinya da abin atisayenta ana saura ’yan watanni ba. Abin da muka yi, mun raba rumbun ajiyar gida biyu, Linux Mint da kanta tana ba da wannan zaɓi lokacin sa ta. Idan an kunna, kwamfutar na tambaya wanne za a shiga. Ɓangaren Windows na atisaye ne kawai, mun cire masa intanet. Duk abin da ya shafi intanet, duba sakamako ko cike fom, a ɓangaren Linux ake yi.

Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar raba rumbu komai na iya lalacewa, don haka a shagon cajin waya mai sola na yi aikin, na biya kuɗin cajin waya biyu. Kafin nan sai da na kwashe komai a filash, na kai wa Baba ya duba da idonsa. Ya daɗe yana gungurawa, sannan ya miƙo min ya ce in ci gaba.

Ƙanwata ta ce fuskar sabuwar “kamar ta tsofaffi”, amma jiya na same ta ta canza hoton bangon da kanta. Kuɗin da na yi niyyar kashewa a wurin mai gyara ina tara su, in Allah ya yarda hutu mai zuwa zan sayo mata rumbun SSD in cire mai juyawar nan, don shi ne ke sa ta jan ƙafa.

Wanda ya duba lambar furosesarsa bai gane ba, ya rubuto ta ta hannun editan wannan shafi yadda ya gan ta, zan amsa a fitowa ta gaba. Sai mun haɗu.