Uwargida, Me Keken Ɗanki Yake Cewa?

Yau ba zancen zazzaɓi ko yaye na zo da shi ba, zancen keke ne. Kafin ki ce ina ruwan nas da keke, tsaya ki ji abin da ya same ni.

A hunturun da ya wuce keken babban ɗana ya fara wani kuka, ƙiiii, duk sanda ya kama birki. Ina tsakar gida nake jiyo shi tun daga bakin lungu, har na mayar da kukan agogo: da na ji, na san an taso daga Islamiyya. Kwana goma ana haka ban ce komai ba. Ran nan sai na ji shiru, yaro ya shigo zaure ba ƙara, na ce alhamdulillahi. Washegari na aike shi Mandawari. Yana fitowa Sabon Titi ya damƙe birki, birki ya ƙi ci, ya daki bayan adaidaita sahu da ke tsaye. Haɓa ta fashe, sai da aka yi ɗinki uku.

Da hankali ya kwanta na tambaye shi. Ashe abokansa ne suka dame shi da tsokana, shi kuma ya lakato baƙin man janareta ya shafa wa robar birkin. Ƙara ta tafi, birki ya bi ta. Allah ne ya tsare, don da mota ce a guje, da yanzu wani labarin ake.

Na fi ganin laifina a kan nasa. A asibiti kullum muna yi wa iyaye faɗa kan danne zazzaɓi da farasitamol ba a yi gwaji ba. Ga shi a gidana an danne alama, an bar ciwo. Ƙarar keke alama ce, kuma kunnen da yake bambance kukan yunwa da kukan ciwo a bakin jariri ba zai kasa wannan ba.

Ke ma kin lura, tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kekuna suka dawo cikin gari. An kakkaɓo tsofaffin Raleigh da Phoenix da suka shekara a jingine a zaure, an sayo wa yara na gwanjo. Acaɓa kuwa tun 2013 aka hana shi a Kano, kuma akwai lungunan da adaidaita ba ta shiga. Don haka kai niƙa, zuwa makaranta, aike Kurmi ko Ƙofar Wambai, duk a kan keke ake yi, kuma 'ya'yanmu ne a kai.

Tambaya ɗaya kafin a taɓa sifana

Idan mara lafiya ya zo, mukan tambaye shi: yaushe ciwon yake tashi? Haka za ki yi wa keke. Ki sa yaron ya hau a ƙofar gida, ki tsaya daga zaure ki saurara. Yaushe ƙarar take fitowa: yana tuƙa feda, ko ya saki ƙafa keken yana tafiya da kansa, ko ya kama birki, ko ya faɗa rami? Amsar ita za ta nuna miki inda ciwon yake.

Idan da birki take zuwa

Wannan ita ce ta farko, don ita ce take kai yaro asibiti. Kukan ƙiiii yawanci dauɗa ce a gefen wili, ko robar ta yi santsi kamar gilashi. Ki sa a wanke gefen wilin da ruwa da omo, a goge da busasshen tsumma, a ɗan kankare fuskar robar da samfefa. Idan kuwa ƙarar ta ƙarfe a kan ƙarfe ce, garr-garr, to robar ta cinye, ƙarfen da ke riƙe ta ne yake cin wili. A sauya duka biyun, ba ta da tsada.

Ki faɗa wa yaranki da babbar murya: mai ko giris ba sa kusantar birki, ko ɗigo. Sannan ki damƙe hannun birkin da kanki. Idan ya taɓo kan keken kafin ya kama, ya saki da yawa. Idan mai waya ne kika ga zaren wayar ya fara tsinkewa, keken ba ya fita sai an sauya.

Idan da tuƙin feda take zuwa

Cuwi-cuwi mara yankewa sarƙa ce ta bushe. Ƙurar hunturu tana shanye man, ruwan damina kuma ya kawo tsatsa. A wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta sha iska, a ɗiga sabon man inji a kowace gaɓa, sannan a goge na waje. Kada a zuba man gyaɗa ko manja, danƙo suke yi su tara ƙasa. Baƙin mai kuma akwai garin ƙarfe a cikinsa.

A keken da ba shi da giya, ki danna tsakiyar sarƙar da yatsa. Motsinta sama da ƙasa kada ya wuce kamar faɗin yatsa ɗaya. Idan tana reto tana dukan murfinta, a ja tayar baya a ɗaure. Sarƙa mai faɗuwa tana kayar da yaro a daidai lokacin da ya miƙe yana taka feda da ƙarfi.

Ƙwas sau ɗaya a kowane zagayen ƙafa kuwa, ki ce ya miƙe tsaye ya tuƙa. In ta ɗauke, sirdi ne, a ɗaure notinsa. In ba ta ɗauke ba, ki kama ƙarfen feda ki jijjiga shi gefe da gefe. In yana motsi, ko kusar da ke riƙe shi ce ta ci, ko boris ɗin tsakiya. Wannan aikin mai gyara ne. Abu ɗaya da yara ba su sani ba: fedar hagu bai-bai ake ɗaure ta, wato ta ɓangaren da ake kwance sauran notuna. Da yawa sun lalata ta garin murɗawa da ƙarfi.

Idan keken yana tafiya da kansa take zuwa

Tik-tik-tik mai laushi daga tayar baya idan an saki ƙafa ba ciwo ba ne, haka aka yi shi. Amma shuu, shuu, sau ɗaya a kowane zagayen taya, wili ne ya karkace yana gogar robar birki. Ki ɗaga keken, ki juya tayar, ki zuba ido a tsakanin robar da wilin, za ki ga yana matsowa yana ja da baya. Sai ki bi wayoyin wilin ɗaya bayan ɗaya kina kaɗa su da farce kamar tsirkiyar garaya. Mai ƙarfi tana amsawa tas, wadda ta saki kuwa muryarta a dushe take. Kada yaro ya ɗaure da kansa, daidaita wili sai gwani.

Gurnani kamar ana niƙa tsakuwa boris ne ya bushe ko ya farfashe. Ki kama tayar ki girgiza ta gefe da gefe. In tana kwaf-kwaf, ko noti ya saki ko boris ya ci. Tayar gaba mai motsi ba a kai ta gobe.

Idan a rami take zuwa

Ki ɗaga keken kamar taƙi ɗaya ki sake shi a ƙasa. Kwaram-kwaram yawanci kariya ce, ko ƙararrawa, ko ƙarfen da ke tare taɓo a saman taya. Sifana da minti biyar sun isa, amma kada a raina na tayar gaba, in ya ɓalle ya shige taya, ta kai yaro zai wuntsila.

Sannan ki kama birkin gaba, ki tura keken gaba da baya. In kika ji gwaf a wuyansa, kan ya saki. Idan kuma an ɗaure komai amma wani ƙiƙi-ƙiƙi ya ƙi tafiya, ki goge ƙura ki duba mahaɗar ƙarafunan jikin keken, musamman wuya da ƙafafun da ke riƙe tayar gaba. Layi siriri kamar gashi, ko fenti da ya tsage da tsatsa a bakinsa, karaya ce take tafe. A jingine shi. Kekunan da ake lafta wa jarkoki da buhu sun fi yin wannan.

Abin da ba ya ƙara sai ya faru

Akwai rauni ɗaya da muke gani a wurin aiki wanda ba ya ba da sanarwa. An goya ƙaramin yaro a kariya, ƙafa tana lilo, dunduniya ta shige wayoyin taya. Ranar farko sai ki ga kamar ƙujewa ce kawai. Bayan kwana biyu ko uku fatar ta yi baƙi ta mutu, wani lokacin ma da tsagewar ƙashi a ciki. Irin wannan a kai shi asibiti a ranar, ko da yaron ya daina kuka. Kafin nan, kada a goya yaro sai da takalmi rufaffe da wurin ɗora ƙafa, kuma a kula da bakin hijabi da doguwar riga.

In an faɗi an ji rauni, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da tsumma mai tsabta. Ban da toka, ban da man birki, ban da ƙasa. Ki ɗauki katin rigakafinsa ki tafi da shi, don allurar Penta ta sati 6 da 10 da 14 tana ɗauke da rigakafin tetanus, kuma ma'aikaci zai duba ko yana buƙatar ƙari. In ya bugu a kai ya fara amai, ko barci ya yi masa yawa, ko yana sambatu, kada a jira gari ya waye.

Yanzu a gidana kowace Juma'a da safe keken yana kwanciya a tsakar gida, ƙafafu sama. Shi yake wanke sarƙa, ni nake gwada birki. Abin da ya fi ƙarfinmu mu tura wa mai gyaran bakin titi, kuma na koya masa ya daina cewa "keken yana ƙara" kawai, ya faɗi yaushe da kuma ta ina. Mai gyaran da kansa ya aiko a ce min aikin ya fi sauri haka.

Tabon haɓar yana nan, kullum ina ganinsa idan yana cin abinci. Ke kuma yau da yamma, idan naki ya shigo lungu, ki ɗan rage rediyo ki ji. In kin ji wata ƙarar da ban ambata ba, rubuto min yadda take da lokacin da take zuwa.

Allah ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.