Ambaliyar Rima: Wa Ke Biyan Kuɗin Sake Gini?

A watan Mayun 2023, kamfanin State Farm ya daina karɓar sabbin masu neman inshorar gida a jihar Kalifoniya ta Amurka, saboda yawan gobarar daji da tsadar kayan gini. A Fulorida ma, inda guguwa ke ɓarna, kuɗin inshora ya yi tashin da wasu magidanta suka kasa biya. Magidanci a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ko manomi a Argungu, zai iya cewa ina ruwansa, shi da bai taɓa riƙe takardar inshorar gida ba. Mu a wannan jarida muna ganin da ruwansa. Shi ma yana biya, kuma abin da yake biya kullum ƙaruwa yake yi. Ba'amurke yana zuba nasa kaɗan-kaɗan kafin masifa ta auku. Bakabe kuwa sai bayan ruwa ya janye yake biyan nasa, a dunƙule, shi kaɗai.

Ambaliya ba baƙuwa ba ce a kwarin Rima. A Satumbar 2010, ruwan da ya kwararo daga madatsar Goronyo ya ci ƙauyuka, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya gangaro Kebbi. A daminar 2020, hukumomin jihar sun ƙiyasta cewa ruwa ya shanye kimanin hekta 450,000 na shinkafa, shekara biyar kacal bayan Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A 2022, ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya. Duk wanda ya san yadda Gulbin Zamfara da Gulbin Ka ke zubowa cikin wannan kwari kafin ruwan ya isa Kogin Kwara, ya san abin zai sake dawowa.

Asarar ba ta tsaya a gona ba. Idan marka ta zauna, katangar ƙasa takan jiƙe ta zube. A cikin gari kuma, magudanar da shara ta toshe takan mayar da ruwan sama cikin ɗakunan mutane. Wanda gidansa ya faɗi a 2020 ya sayi buhun siminti a kan 'yan dubbai kaɗan, amma a 2024 farashin ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama. Haka kwano, haka katako, haka ladan magini. Da me ake cike gurbin? A sayar da sa, a jinginar da gona, a fasa auren 'ya, a ci bashi.

Akwai masu cewa mutane su tashi daga bakin gulbi kawai. Faɗa da baki ba wuya. Fadamar nan ita ce ke ciyar da jihar. Ita ke ba masana'antun shinkafa na Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu abin sarrafawa, ita ke riƙe da masunta da masu noman rani, kuma a Matan Fada ake bikin kamun kifin da ya fito da sunan Argungu a duniya. Ba taurin kai ne ya zaunar da mutane a nan ba, abinci ne. Amma noma a fadama daban, gina ɗakin kwana a kan hanyar ruwa daban.

Abin da gwamnatoci suka saba yi shi ne jaje. Jami'an hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA su zo da tabarmi, bargo, buhun hatsi da bandir ɗin kwano, a ɗauki hoto, a watse. Muna yaba kowane taimako, sai dai tallafi ba haƙƙi ba ne. Wani ya samu, wani ya rasa, kuma babu wanda ya san rabonsa tun kafin ruwa ya zo.

Me ya hana inshora shiga gidajenmu? Kasuwarta a Najeriya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa ba. Mutane na tsoron a karɓi kuɗinsu, ranar biyan diyya a yi ta yawo da hankalinsu. Malamai da yawa kuma sun yi magana a kan riba da garari da ke cikin inshorar da aka saba. Wannan damuwa tana da amsa. Tun 2013 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna aiki. Tsarin ya yi kama da adashe: kowa ya zuba da niyyar taimakon juna, wanda masifa ta afka wa ya kwasa, rarar da ta saura kuma a raba wa masu zubi. Ta fannin noma, inshorar NAIC tana nan tun 1987, gwamnati na ɗaukar rabin kuɗin zubi a kan amfanin gona na abinci, amma galibi manomi ba ya haɗuwa da ita sai ya je karɓar bashi.

Darasin Kalifoniya shi ne, idan aka bar kamfani shi kaɗai da wuri mai haɗari, ko dai ya tsawwala farashi ko ya tattara ya tafi. Birtaniya ta bi wata hanya a 2016 da tsarin Flood Re, inda kamfanonin inshora ke zuba kuɗi a asusu ɗaya domin a sassauta wa gidajen da ke yankin ambaliya. Amma gidan da aka gina daga 2009 zuwa yau ba ya cikin tsarin, don kada rangwamen ya zama lasisin sabon gini a bakin kogi. Kebbi na buƙatar sassaucin da sharaɗin duka biyu.

Don haka muna kira ga gwamnatin Nasir Idris da ta fitar da taswirar wuraren da ruwa ke ci a Birnin Kebbi, Argungu, Augie da Bunza, a rubuta ta da Hausa, a kafa ta a fadar kowane hakimi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka a daina ba da takardar fili a cikin kwari, a kuma yanka wa waɗanda ke can filaye a tudu kusa da gonakinsu. A kafa asusun takaful na gida da gona, gwamnati ta ɗauki wani kaso na zubi daga kuɗin kula da muhalli da take karɓa daga tarayya, a shigar da mutane ta hanyar ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN da masarautun Gwandu da Argungu. A ɗaure biyan diyya da ma'aunin ruwa: da zarar gulbi ya wuce alamar da aka amince da ita, kuɗi su shiga asusun manomi ba tare da jiran mai duba gona ba. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kuma ta riƙa sanar da jama'a ta rediyo da masallatai kwanaki kafin a buɗe madatsar Goronyo ko ta Bakolori.

Jama'a ma da nasu aikin. Kwalbati ba juji ba ne, kuma filin da ya yi araha fiye da kima, a tambayi tsofaffin unguwa dalili kafin a biya. Tun ran gini, tun ran zane. Ayyukan da muka nema daga gwamnati kuwa duk na rani ne, kuma wurinsu kasafin kuɗin jiha mai zuwa. Majalisar dokokin Kebbi ta tabbatar sun shiga kafin ta amince da shi.