Kada Mu Hura Wuta Da Tarihinmu

Da hutun da ya wuce na je Gwaram, na tarar Kaka ta zazzage adakar marigayi kakanmu, za ta hura wuta da takardun ciki. Da ƙyar na ceci ambulan goma sha ɗaya, irin masu zanen ja da shuɗi a gefe. Da na kawo su makaranta sai abokaina suka yi ta dariya, wai na zama ɗan bola. To, ga amsata.

Wannan ado na gefe alama ce ga ma'aikacin gidan waya, ya san wasiƙar ta jirgin sama ce, kada ya haɗa ta da na jirgin ruwa. Kalmomin "Par Avion" kuwa Faransanci ne, harshen Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, a 1936 kuma aka soma jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Kano da Hartum.

Ambulan malami ne. Hoton kan Sarkin Ingila da ake bugawa a zamanin mulkin mallaka shi ya sa muke cewa "kan sarki". In ka ga kuɗin kan sarkin Nijeriya da sule ne, ka san an buga shi kafin 1973, shekarar da naira ta shigo. Waɗanda aka aiko wa kakanmu daga Makka duk Jihar Kano aka rubuta, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa.

Wani zai ce ai tonon asirin mutane ne. Da gaskiyarsa. Saboda haka a nemi izinin masu abu, wasiƙar ta zauna wurinsu, a ajiye ambulan kawai. Kada kuma a ɓamɓare kan sarkin, gama hatimin da ke kansa shi ke nuna gari da rana.

Baƙi suna zuwa Birnin Kudu kallon zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu. Dutse yana jure damina, takarda kuwa gara da ashana sun ishe ta. Tun da wayar hannu ta yaɗu bayan 2001 aka rage rubuta wasiƙa, wanda aka ƙona ba shi da madadi.

Ina roƙon hukumar makaranta ta ba mu kabad ɗaya a laburare. Mu kuma in mun je hutu, mu riga murhu isa adakar kakanninmu. Allah Ya sa mu gane, amin.