Raddi ga Masu Cewa Gatarin Aradu Daga Sama Yake Faɗowa

Wani malami da nake girmamawa ya dage cewa gatarin aradu, dutsen nan mai kaifi da manoman Funtua da Malumfashi ke tsinta a kunya, tsawa ce ke jefo shi. Na auna hujjojinsa, babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Ya ce bayan ruwa mai tsawa ake samunsa. Haka ne, amma ruwan ne ke zaizaye ƙasa ya tono abin da ya daɗe a binne. Garmar shanu ma tana fito da shi ranar da babu ko hadari.

Ya ce bai yi kama da duwatsun ƙasarmu ba. Wannan ce hujjarsa mafi nauyi, kuma a kansa take juyewa. Galibin duwatsun Funtua masu manyan ƙwayoyi ne. Sun dace da niƙa, amma bakin gatari yana son dutse mai laushin ƙwaya wanda ba ya marmashewa. Mutanen da ba su san ƙarfe ba sun san wannan, suna bin dutse mai kyau duk nisansa, ko su karɓe shi hannu da hannu ta musaya. Dubi Daima, a firkin Borno kusa da Tafkin Chadi, ƙasar laka wadda ko dutsen jifa babu. Da masanin kayan tarihi Graham Connah ya haƙa tudun garin a 1965 da 1966, ya tarar da gatura da duwatsun niƙa, waɗanda sai daga nesa, irin su tsaunukan Mandara, ake samun dutsensu. Ƙafar mutum ce ta kai su can.

Sai malam ya kawo batun dutsen Zagami. Gaskiya ne, ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona a Zagami, can ƙasar Faskari, masana kuma sun tabbatar daga duniyar Mars ya fito. To amma dunƙule ne mai ƙonannen baya, babu baki babu ƙeya. Malam ya ɗauki gatarin ya juya shi a hasken rana: an wasa bakin ta gefe biyu daidai, ga siraran zanen gugar yashi, gindin kuma ya tsuke don ya shiga ƙota. Tsawa ta san ƙota?

Abin da ke damuna, duk gatarin da aka ɓoye a rumbu don maganin aradu, an manta gonar da ya fito. Da za a kai shi sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tare da sunan wurin, da an gwada shi da duwatsun yankin har a gano inda aka faso shi.