Maganin Toshewar Jijiyoyin Ƙafa: Kada A Zubar Da Ruwan Tulu Don An Ga Hadari

Toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa cuta ce da aka ƙiyasta tana damun mutane fiye da miliyan 200 a duniya, musamman masu ciwon suga da mashaya taba. Takan fara da ciwon sha-raɓa yayin tafiya, ta kai ga gyambon da ba ya warkewa, daga nan sai yanke ƙafa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yadda ake ɗokin sabon binciken da ake yi kan eksosom.

Eksosom wasu 'yan mitsitsin jakunkuna ne da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, ɗauke da saƙonni zuwa ga sauran ƙwayoyi. A 1983 aka gano su. A gwaje-gwajen da aka yi kan ɓerayen da aka ɗaure wa jijiyar cinya, allurarsu ta sa sababbin ƙananan jijiyoyi sun tsiro, jini ya ƙara gudana.

To amma ɓera daban, dattijon da ya shekara 20 da ciwon suga daban. A Disamban 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi bayan wasu marasa lafiya a jihar Nebraska sun galabaita sakamakon irin wannan allura, kuma har yau ba ta amince da ko ɗaya a matsayin magani ba. Japan ma ta ba maganin Collategene, mai aiki da ƙwayar gado, izinin wucin gadi kan wannan cuta a 2019, amma a 2024 kamfanin da ya yi shi ya janye shi.

Abin tsoron shi ne, ga mai fargabar rasa ƙafa, kalmar "gwaji" da kalmar "magani" duk ɗaya ne a kunnensa. Mutanenmu kuwa sun saba sayar da gona don neman lafiya a Masar ko Indiya.

Alhali abin da aka tabbatar yana hannunmu: barin taba, daidaita suga da hawan jini, magungunan rage kitse da hana daskarewar jini, tattaki a kai a kai, duba tafin ƙafa kullum, da tiyatar buɗe jijiya tun da wuri. Wajibi ne gwamnatocinmu su wadata asibitoci da na'urar auna gudun jinin ƙafa, hukumar NAFDAC kuma ta sa ido kan masu tallar allurar da ba ta da rajista. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.