A biya yaro kan karatu, ba kan maki ba

Duk mahaifin da ya taɓa yi wa ɗansa alƙawarin keke in ya zo na ɗaya, ya kamata ya ji abin da Roland Fryer ya gano. Tsakanin 2007 da 2009, wannan masanin tattalin arziki na Jami'ar Harvard ya yi gwaji a makarantu sama da 200 a New York, Chicago da Dallas a Amurka. Da ƙuri'a aka raba makarantun: wasu a biya ɗalibansu, wasu a bar su yadda suke, don in an ga bambanci a san kuɗin ne ya kawo shi.

A New York an biya yara kan makin jarrabawa, a Chicago kan sakamakon darussa. Karatun bai gusa ba. A Dallas kuwa, 'yan aji biyu aka riƙa ba dala 2 kan kowane littafin da suka karanta, kuma yaran da Turanci ne harshensu sun ƙara fahimtar karatu.

A ganina dalilin a fili yake. Yaro ya san yadda zai buɗe littafi yau, amma bai san ta inda ake ƙara maki ba. Kuɗi ya sa shi ɗoki, bai nuna masa hanya ba. Gwamnati ko attajirin da ke son ba ɗalibai kyauta, ya ɗora ta kan aikin yau da kullum, kuma ya fara gwadawa a makarantu kaɗan kafin ya zuba miliyoyi.