Kafin Pinterest da Midjourney, Ɗalibin Zanen Gini Ya Fara Zagaya Tambuwal da Wayarsa

Duk ɗalibin da ke karatun zanen gine-gine ya san wahalar makon farko bayan malami ya ba da aiki. An ce ya zana ƙaramin asibitin karkara, ko makarantar firamare, ko tashar mota. Ga farar takarda a gabansa, dabara kuma ta ƙi zuwa. Abin da da yawa ke yi a yau shi ne su buɗe Pinterest ko Instagram, wasu kuma su rubuta wa Midjourney ko ChatGPT abin da suke so, kafin minti guda hotuna sun zubo. Sai a zaɓi wanda ya fi ɗaukar ido, a kwaikwaye shi a SketchUp ko Revit, a kai wa malami.

Daga nan ake samun zanen asibiti mai bangon gilashi tun daga ƙasa har sama, wai za a gina shi a Tambuwal ko Kebbe, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba a yin alkawari da ita. Ɗakin haihuwa irin wannan, in babu na'urar sanyaya ɗaki da janareta, tanda ne. Ɗalibin da ya saba da haka a makaranta shi ne gobe za a miƙa wa zanen ajujuwa da asibitocin ƙaramar hukuma, mutane kuma su zauna cikin kuskurensa shekara talatin.

Laifin ba na waya ba ne. Matsalar tana wajen abin da ake farawa da shi. Wayar da ke kawo hotunan Dubai, ita ce dai ke ɗauke da kamfas, kyamara, taswira da na'urar gano wuri. Ɗalibin da ya fara amfani da ita wajen awo da lura, kafin ya yi amfani da ita wajen kallon aikin wasu, zai fi samun dabara mai asali.

Lissafin rana da iska

Tambuwal tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wannan adadi kaɗai ya isa ya fitar da siffar gini. A irin wannan wuri rana kan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokutan biyu, rana ta tsakar yini tana karkata ne ta arewa. Sauran watanni kuma ta kudu. Littattafan da aka rubuta don Ingila ko Amurka kan koyar cewa bangon arewa ba ya shan rana da tsakar yini, kuma wanda ya haddace wannan ya kawo shi Sakkwato ya yi kuskure.

Shafin SunCalc, ko sashen inuwa na SketchUp idan an sa masa wurin da ginin yake, zai nuna wannan cikin daƙiƙu. A watan Disamba rana ta tsakar yini kan tashi kusan digiri 54 ta kudu, a Yuni kuma kusan digiri 79 ta arewa. Ma'ana, tagar kudu mai tsawon mita 1.2 tana bukatar rumfa ta kusan santimita 90 a kanta don ta samu inuwa da tsakar yini, ta arewa kuma santimita 25 ta ishe ta. Bangon gabas da na yamma su ne masu wuyar karewa, domin rana tana dukansu a kwance da hantsi da la'asar. Saboda haka doguwar fuskar gini ta kalli kudu da arewa, gajerun kuma su kalli gabas da yamma. Kafin ɗalibi ya ja layi ɗaya na ado, ya riga ya samu tsawon gininsa, fuskarsa da faɗin barandarsa.

Iska ma haka. Ta hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma, hadari kuwa galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi saurin zaizayewa. Alƙibla daga wannan yanki tana wajen digiri 70, wato gabas da ɗan karkata arewa, don haka mai zanen masallaci ya san cewa bangon da liman ke fuskanta shi ne zai sha ranar hantsi da dukan ruwa. Alƙaluman zafi, ruwan sama da iska na shekaru masu yawa suna nan kyauta a shafin NASA POWER. Lambobin wurin kawai ake shigarwa.

Kallon gari daga sama, da shigarsa da ƙafa

Tambuwal tsohon gari ne. Tun ƙarni na 19 Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a cikinsa. Wanda ya buɗe Google Earth ya kwatanta tsakiyar garin da sabbin unguwannin da ke bin babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega zai ga tsari iri biyu. A tsohon gari gidaje sun jingina da juna, lunguna matsattsu ne, katangar wani ita ke yi wa ƙofar wani inuwa. A sabbin filaye kowane gida ya tsaya shi kaɗai, rana na dukansa ta kowace fuska. Sashen tsofaffin hotuna na manhajar yana nuna yadda gari ya faɗaɗa, da inda aka cike kududdufi aka yi gini a kai, abin da ke bayyana dalilin da ruwa ke kwanciya a wasu unguwanni duk damina. Ga ƙauyukan Kebbe da matsalar tsaro ta sa zuwa wasunsu ya zama kasada, hoton tauraron ɗan'adam ya ba ɗalibi hanyar nazari ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba.

Amma gani ya kori ji, hoton sama kuma ba ya nuna yadda ake zaman gida. Sai ɗalibi ya nemi izini ya shiga zaure, ya ga yadda baƙo ke tsayawa a nan ba tare da idonsa ya kai cikin gida ba, yadda ƙofofi ba sa fuskantar juna, yadda tsakar gida ta zama wurin girki, wanki, shanya da kwana a bazara. Wannan jerin na zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida, tsari ne na tace masu shiga daki-daki. Ana iya ɗaukarsa a tsara asibitin mata da shi, ko makarantar kwana ta 'yan mata, ko ofishin alƙali, ba tare da an kwaikwayi ko zanko ɗaya ba.

Nan ne ƙananan na'urori ke shigowa. Ma'aunin zafi mai haska bango, irin na masu gyaran firiji, da ɗan agogon da ke nuna zafi da laimar ɗaki, ba su kai kuɗin waya ba. Ɗalibai uku za su iya haɗa kuɗi su saya, su auna soron ƙasa, da ɗakin bulo mai kwano ba silin, da wani mai silin, da asuba, azahar, la'asar da ƙarfe goman dare, har mako guda. Za su ga da idonsu abin da kakanni suka sani: kwano yana ɗaukar zafi nan take ya kuma sauke shi nan take, kaurin bangon ƙasa kuwa yana jinkirta zafin yini na sa'o'i, ya sake shi da dare. Shi ya sa soro ke da daɗin zama da rana, amma a bazara masu shi kan fito tsakar gida su kwana. Tambayar yadda za a samu sanyin soro da rana tare da iskar waje da dare ta isa ta zama tushen aikin kammala karatu.

Magina da masu rumbu

Rumbun hatsi darasi ne a tsaye. An ɗora shi a kan duwatsu don laima da gara, bangonsa siriri ne amma zagayensa ke ba shi ƙarfi, an kuma sa masa hular ciyawa don ruwa da rana. Manhajoji irin su Polycam da KIRI Engine suna karɓar hotuna masu yawa da aka ɗauka ana zagaya abu, su haɗa su zuwa siffar 3D da za a iya juyawa a aune a kwamfuta. Da wayar Android ɗalibi zai iya adana rumbu, ko bakan gizo na tsohon zaure, kafin ruwa ya ci shi ko magada su rushe.

Sauran ilmin yana bakin magina. Su suka san ramin da ƙasarsa ta yi tubali, da kwanakin da ake bari kwaɓi ya ruɓa da ciyawa, da yadda makuba ke hana ruwa shiga yaɓe. Su suka san cewa azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce mita biyu ko kusa da haka, kuma wannan iyakar ce ta haifi bakan gizo da ɗaurin guga. Da irin wannan fasaha Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. Zaman sa'a guda da Sarkin Magina, da na'urar naɗar sauti ta waya a kunne bisa yardarsa, ya fi bidiyon YouTube ashirin.

Akwai waɗanda suka bi wannan hanya duniya ta san da su. Falke Barmu, magini ne a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar; masallacin ƙasa da ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aikin ya kammala a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001: ya ɗaga kwano sama da silin na bulon ƙasa, ya bar iska na ratsa tsakaninsu tana kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a wannan fanni. Dukansu daga zafi, ƙasa da aljihun mutanen wurin suka faro.

Ƙorafin masu gida

Mai gida a Dogon Daji ko Kuchi zai ce a bar shi da bulo da kwanonsa, kuma yana da hujja. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, ruwa mai ƙarfi kan rushe shi, giginyar azara ta yi ƙaranci, a idon mutane kuma siminti shi ne alamar samu. Ɗalibin da ya yi kunnen uwar shegu da wannan ya faɗa kuskure ɗaya da mai kwafar Dubai, domin shi ma hoto ya bi ya bar mai zaman ɗakin.

Sai dai kowane ƙorafi a nan aiki ne ga mai zane. Idan ruwa ke cin gindin bango, a yi harsashi da dutse ko siminti ya tashi sama da ƙasa. Idan ta sama yake ci, a faɗaɗa bakin rufi a tsawaita indararo. Idan yaɓen shekara-shekara ne matsala, ga bulon ƙasa matsattse da ɗan siminti a ciki. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa, duk da cewa akwai masana'antarsa a Kalambaina; zanen da ya rage yawan buhunan da za a saya ba zai rasa mai saurare ba. Bukatu ma ba su ƙare ba: ma'ajiyar albasa da ta fi rudu hana ruɓa, ga manoman fadama da 'yan kasuwar Aliero da ke makwabtaka, rumfunan kasuwa da gobara ba za ta lashe su a dare ɗaya ba, matsugunin da waɗanda suka baro ƙauyukansu za su iya ɗagawa da hannunsu.

Matsayin ƙirƙirarriyar basira

Manhajojin da ke zana hoto sun koyi aikinsu ne daga abin da ke intanet, hotunan gine-ginen ƙasar Hausa kuma kaɗan ne a can. Idan aka ce su zana gidan Bahaushe, sau da yawa sai su kawo gaurayen masallacin Jenne na Mali da ƙofofin Maroko. Ba su san inda hadari ke tasowa a Kebbe ba. Amfaninsu yana zuwa ne a ƙarshe: bayan ɗalibi ya yi awo, ya zana dabara biyar ko goma da fensir, ya gina ƙaramin samfuri da kwali ko laka ya ajiye a rana ya ga inuwarsa, sai ya ba manhaja zanensa ta gwada masa launi da kayan gini iri-iri, ko ya sa ChatGPT ya yi masa tambayoyin da malami zai yi ranar kare aiki. Duk adadin da ta ba shi kuma sai ya tantance da kansa.

Sassan koyar da zanen gine-gine a Sakkwato, Birnin Kebbi da Zariya za su iya gyara wannan ba tare da kasafin kuɗi mai yawa ba: kada a karɓi zane sai da awon zafi, taswirar inuwa da hirar aƙalla magini ɗaya da mai amfani da ginin ɗaya. Abin da ɗalibai suka tara na hotuna da siffofin 3D kuma a ajiye shi a rumbu guda a intanet, da sunan garin da shekarar. Z. R. Dmochowski ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya da tef da takarda, aikinsa ya fito a littattafai uku a 1990. Ajin ɗalibai arba'in, kowa da wayarsa, zai iya yi wa Tambuwal, Jabo, Sanyinna da Kebbe irin wannan hidima a hutun zango ɗaya, kuma kowannensu ya koma makaranta da dabarar da ba a taɓa ɗorawa a Pinterest ba.